Lasisin Sarkin Zango

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban injiniyoyi a Gusau ina kaɗa takardar Sarkin Zango ba. Har yau in na tuna, haushi ke fara zuwa, sannan kunya ta biyo baya.

Ni mutumin Tsafe ne, sana'ata haɗa sola da ɗaura tauraron ɗan'adam a gidaje. Da na ga mutanen wani ƙauye bayan Kwatarkwashi sai sun hau dutse kafin su tura saƙo, sai na ce bari in kai musu intanet. Na jawo sabis daga Gusau, na kafa dogon ƙarfe a unguwar Zango, gefen kara inda ake cinikin shanu, na ɗora eriya. Abu ya yi kyau. Malamar asibitin garin ta daina hawa babur don kai rahoto, dillalai suna tura wa 'yan kudu hoton bijimi tun yana turke, ni kuma aka koma ce mini Injiniya (ban hana ba, ai ba ni na roƙa ba).

Wata rana ina can saman ƙarfen, sai Kawu ya kira ni. Tsohon hedimasta ne, duk wasiƙar Turanci da ta shigo gidanmu shi ke fara buɗewa, ko ba tasa ba ce. Ya ce, "Hukuma ta aiko. Akwai taron masu ƙananan kamfanonin intanet ran Laraba a Gusau. Sun ce ka zo da lasisin zangon da kake aiki a kai, in babu za a kashe maka na'ura."

Raina ya ɓaci. Wato mutanen da ba su taɓa tako ƙauyen ba, su ne za su kashe? Amma na ce ba komai, zango dai ai ga shi a ƙarƙashin ƙafata. Ban nemi ganin wasiƙar ba, don a ganina babu abin da ban fahimta ba. Na sauko na zarce zauren Sarkin Zango, dattijon da ya ba ni filin tun farko.

"Ranka shi daɗe, gwamnati na son shaidar cewa da izini nake aiki a Zango."

Ya ce, "Wanga ai ba abin wahala ba ne. Mu munka ba ka wurin, mu za mu rubuta."

Ya sa aka rubuta, ya buga hatimi har biyu. Ni kuma na kai aka rufe mini ita da leda mai ƙyalli don kada ta yamutse. Dubi irin ƙoƙari, don Allah.

Ran Laraba na sa shaddata mai ruwan toka na tafi. Zauren ya cika da masu sana'a irin tawa, wasu daga Bungudu, wasu daga Mada, kowa sai zare ido yake yana cewa shi fa ba shi da lasisin. Ni ina zaune ina tausaya musu. Har na ce wa na kusa da ni, "Abin da na gama cikin minti ashirin, ku me ya hana ku?" Ya dube ni da girmamawa, ya matsa ya ƙara mini wuri.

Wata injiniya mai suna Hajiya Rabi ce ke jagorantar taron. Da ta tambayi ko akwai mai lasisi, na miƙe kafin ta rufe baki. Kuma ban tsaya ga miƙa takarda ba, sai da na karɓi makirfo na yi jawabi. Na ce mu mutanen karkara ba jahilai ba ne, a daina yi mana kallon marasa bin doka, ga tawa nan da hatimi biyu, a karanta kowa ya ji.

Ta ce, "A karanta, Malam?"

Na ce, "A karanta, Hajiya."

Ta karanta. "Ni Sarkin Zango na ba ɗanmu izinin kafa ƙarfensa kusa da turakun shanu, da sharaɗin kada wayarsa ta taɓa dabba, kuma ya riƙa share wurin ranar kasuwa."

Sai wani daga baya ya ce, "To, yana dai sharewa?" Shi ke nan zaure ya rushe. Na kusa da ni, wanda ya ƙara mini wuri, har da sauka ƙasa yana riƙe ciki. Ita Hajiya ta yi ƙoƙari, ta rufe baki da gefen mayafi, amma kafaɗunta sun tona mata asiri.

Da aka lafa ta ce, "Malam, kana jin rediyo? Gajeren zango, matsakaicin zango? Wannan zangon muke nufi, hanyar da saƙo ke bi a iska. Akwai wanda aka bar wa kowa, akwai wanda sai mai lasisi. Na'urarka a kan na wani kamfani take, dole ta tsaya sai ka koma na kowa."

Ni da na tashi rediyon babana na maƙale da kunnena. Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na gode mata.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ashe rabin taron an kira shi ne don a ji ta bakinmu, ko ya kamata a ba masu ƙaramin ƙarfi dama su yi aiki da zangon da manya suka riƙe ba sa amfani da shi a karkara. Kuma duk zauren babu mai hujja kamar tawa. Kamfanin da ake cewa na hau hanyarsa ko sanda bai taɓa kafawa a ƙauyen nan ba. Ya riƙe iska a takarda, mutane suna hawa dutse. Na ɗaga hannu in faɗi haka, ina buɗe baki wani ya ce, "A saurara, wakilin Sarkin Zango zai yi magana." Aka sake kwashewa. Na faɗa dai, amma ko ni ban ji muryata ba.

Washegari da hannuna na hau na kashe na'urar. Sati uku garin ya yi babu intanet kafin in samo wadda ke aiki a zangon kowa, malamar asibiti ta koma kan babur. Na je na zazzage wa Kawu, ya ce shi Hausa ya fassara mini daidai, in ban san Hausa ba in zo ya sa ni aji ɗaya.

Sarkin Zango ne ya ƙarasa ni. Ya tare ni a gindin ƙarfen, cikin damuwa ta gaskiya ya ce, "Ɗana, takardar tawa ce ba ta yi ba? Ko hatimin ne sunka raina?"

Na ce, "Ta yi, ranka shi daɗe. Duk taron ita kaɗai aka karanta a lasifika."

Ya ji daɗi, har ya sa mini albarka. Ni kuwa tun daga ranar, ko Hausa aka yi mini sai na ce a maimaita, don na gano wanda bai ji ba yana da sauƙi a kan wanda ya tabbata ya ji.