Gwaggo Ta Rasu a Ƙarƙashin Ƙyallen Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malamin Ruwa na sashen injiniya yake sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar ofishinsa, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Laraba bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta ƙarar da rayuwarta tana lissafin yadda ruwa yake birkicewa a cikin injin famfo mai farfela. Ita take zana wa ɗalibai 'yan kumfar nan da ke tasowa idan ruwan shiga ya yi ƙaranci, su fashe a jikin farfela, su yi ta gutsurar ƙarfe kamar gara ta samu katako. Ba ta da kyan gani. Da salatif aka ɗaure murfinta, kuma in ta kama aiki sai ta yi ta "guuu, kar-kar-kar", kamar tsohuwa mai mita, har ɗalibai suka raɗa mata suna Gwaggo. Amma ba a taɓa ba ta aiki ta ce ta gaji ba.

Ga yadda ajali ya zo. An ce manyan baƙi za su zagaya sashen. Malam ya dubi Gwaggo ya ga za ta zubar masa da girma, sai ya tura ta lungu, ya lulluɓe ta da ƙyallen tebur mai kauri, ya ɗora tukunyar fure a kai. Shaf ya manta tana tsakiyar lissafin ƙarshe na ɗalibarsa mai neman digirin digirgir, aikin da aka kunna tun farkon zango. Yana tsaye yana yi wa baƙi bayani har da ɗaga yatsa: "Duk injin da ka toshe wa hanyar shaƙa, kansa zai ci." A bayansa kuwa Gwaggo na neman iska. Ta yi "guuu", ta yi "kit", ta yi shiru. Wani baƙo ma ya yaba da natsuwar ofishin, Malam ya ce ya gode.

Mai gyara ya duba ya ce zafi ya cinye ta har ma'ajiya, babu abin da za a ciro. 

Ta bar allo, da kibod mai giɓi, da ɗalibar nan da ta tafi hutun haihuwa bayan Malam ya ce mata ta kwantar da hankalinta, shi zai kwafe sakamakon da zarar ya fito. Saura ƙiris ta kare kundinta. Har yanzu ba ta sani ba, don Malam ya sha ɗaukar waya yana ajiyewa.

Za a kai marigayiyar ɗakin tarkace ranar Litinin da safe, ranar da ɗalibar za ta dawo. Ana karɓar gaisuwa a ofis. An manna wannan sanarwa a ƙofa, daidai tsayin idon ɗalibar. Malam yana ciki, kuma ƙofar ba a kulle take ba.