Goron da Babu Wadda Ta Aiko

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da tsufa zai share mini sauran ranakun duniya daga ka. Ita ce ranar da na sa bakina na warware aikin da na yi shekara ashirin ina taƙama da shi a zuci.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, kada ku ɗauka tsohuwar banza ce ke magana. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, wuce shi zan yi ba mu gaisa ba. Amma a unguwarmu nan Wudil, in mata biyu suka daina ga-maciji, ƙofata ake zuwa. Har daga garin Darki an taɓa turo mini mai babur saboda wasu ya da ƙanwa da suka ɓata a kan gonar gado. (Ba yabon kai ba ne. To, ko ma yabon kan ne, ai gaskiya ce.)

Ina da jika, 'yar babban ɗana, sunana ta ci shi ya sa ake ce mata Ummi. Ta gama jami'a muka ce alhamdu lillahi, sai ta ce wai da saura, za ta tafi Abuja digiri na biyu. Na ce a kan me kuma? Ta ce a kan rikicin ƙasashen duniya da sha'anin tsaro, wato abin da ke sa ƙasa ta ɗauki makami a kan 'yar'uwarta, da yadda ake raba su.

Na ce, "Ke takwara, ƙasashe ma gaba suke yi?"

Ta ce, "Sosai ma, Iya. Sai shugabanni biyu su shekara ba sa magana, sai an sami na uku yana kai saƙo yana kawowa."

Na ce, "Au, ashe aikina aka kai jami'a. Da kin zauna a gabana da kin huta da hawa mota."

Bayan shekara guda ta dawo da takardu da wata 'yar na'urar ɗaukar magana, ba ta fi sabulun wanka ba. Ta ce littafin gama karatu za ta rubuta, za ta gwada yadda tsofaffi ke sulhu a unguwa da yadda masu shiga tsakani ke yi wa ƙasashe. A raina na ce da ni za ta fara. Na ciro atamfata ta ƙasan akwati, na ƙunsa lalle, na zauna. Kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku ina kallo yarinyar nan ta gaishe ni, ta ɗauki jakarta, ta tsallaka gidan Hajiya Tasalla.

Tasalla ƙawata ce tun muna zuwa wanki bakin kogi. Ita ma takan taɓa sulhu, amma irin na yara da kaji. Abin da kawai ta fi ni, da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta iya rubuta sunanta, kuma tana da tabarau.

Da Ummi ta dawo na tare ta. Ta durƙusa ta ce, "Iya, wallahi ba raini ba ne. Malamina ya ce mai bincike ba ya sa danginsa a ciki, sai a ce son kai ne."

Na ce, "Shi malamin naki ya taɓa raba faɗa, ko na zakaru?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. A makon nan muka haɗu da Tasalla a gidan suna, tana gaya wa mata wai an ba ta takarda ta sa hannu da biro, wai maganarta har gaban farfesoshi za ta je. Na ce Allah ya sanya alheri, amma wainar da ke hannuna sai na ji kamar tsumma nake tauna. Jikata, sunana, sana'ata, a ce sunan Tasalla ne zai shiga littafi?

Yanzu sai in gaya muku aikin da nake taƙama da shi. Akwai maƙwabta biyu a layinmu, Mairo da Uwani. Wata damina ruwan makwararar gidan Mairo ya ci katangar Uwani, katanga ta faɗo ta kashe tunkiya mai ciki. Shekara uku suna gaba, ko a gidan mutuwa ba sa haɗa tabarma. Liman ya yi, mai unguwa ya yi, a banza, kowacce ta ce sai ɗayar ta fara ba da haƙuri. Ni kuwa ranar wata Juma'a na shiga kasuwa na sayi goro mai kyau, na raba ƙunshi biyu. Na kai wa Uwani ɗaya na ce, "Mairo ce ta ce in kawo miki, kunya ta hana ta zuwa." Na kai wa Mairo ɗaya na ce daga Uwani. Washegari suka gaisa ta kan katanga. Kowacce ta riƙe a ranta cewa ɗayar ce ta fara sunkuyawa, kawaici kuma ya hana ta yin gori. Har ɗan Mairo ya auri 'yar Uwani. Daga ni sai Allah muka san wanda ya sayi goron nan.

To, ranar Talatar, da hantsi, na ji an ce Ummi ta sake shiga gidan Tasalla, karo na uku. Na yafa mayafi a karkace na fita. Idona yana da yana, in na fito daga rana na shiga ɗaki sai na ɗan jima kafin in ga mutane. Na yi rabin sallama na ɗaga labule. Abin da na iya gani kawai ƙyallin tabaraun Tasalla, da Ummi a gefenta, da na'urar a kan tabarma. Na ji Tasalla na cewa a hankali, "Ai shi sulhu, 'yata, haƙuri ne kawai..."

Na ce, "Haƙurin me! Tasalla, ki ji tsoron Allah, kada ki cika wa yarinya littafi da ruwa. Sulhu dabara ce. Ummi, matso da abin nan ki ɗauka. Wa ya shirya Mairo da Uwani bayan liman ya gaza?"

Ummi ta kama bakin zanena tana cewa, "Iya, Iya, tsaya..."

Na ce, "Sake ni! Ni na shirya su. Kuma har gobe babu wadda ta ba wata haƙuri a cikinsu. Goron nan ni na saya, na raba biyu, na ce wa wannan waccan ce ta aiko, na ce wa waccan wannan ce. Su biyun taurin kai kamar jakin Indabo, amma na juya su a tafin hannuna. Wannan shi ne ilimi, ba sa hannu da biro ba!"

Ɗaki ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su. Sai na ji murya daga bayan ƙofa, daidai kafaɗata.

"Iya, wane goron?"

Idona ya washe a lokacin da ban so ba. Uwani ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Kusa da ita Mairo, da kofin kunu a hannu. Ashe Ummi ta tara su ne su ba da labarin yadda suka shirya.

Mairo ta ajiye kofin ta dubi Uwani. "Wato ba ke kika aiko ba?"

Uwani ta ce, "Ni? A kan me zan aika? Tunkiyar wa ta mutu?"

"Katangar da ko tuntuɓe aka yi da ita sai ta faɗi?"

Suka miƙe. (Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Siminti ne.) Shekara ashirin na zaman lafiya, ga aure a tsakani, ina kallo yana tsinkewa kamar zaren da ya sha rana.

Tasallar da na raina ita ta cire tabarau ta ce, "Ku zauna, don Allah. Ƙarya ɗaya aka yi muku, ta haifa muku jikoki huɗu. Wacce za ta fara mayar da nata?"

Suka dubi juna. Sai Uwani ta juyo ta nuna ni ta ce, "Kuma mu ne jakunan Indabo." Mairo ta ce, "Bar ta, yaya, taso mu tafi." Suka fita tare, kafaɗa da kafaɗa, ko kallona ba su yi ba. Wata biyu cur ba su amsa gaisuwata ba. Ummi ta ce wai wannan ma yana cikin karatunsu, ƙasashe biyu masu jin haushin juna su haɗe kai in sun sami ta uku da ta fi ba su haushi. Na ce ta rufe mini baki.

Daga baya sun huce, amma yanzu in an ɓata a layinmu, sai in ga an wuce ƙofata. Wa zai ba da sirrinsa ga bakin da ya tona nasa?

Da littafin ya fito na sa Ummi ta nuna mini inda sunan Tasalla yake, in ga abin da ya jawo mini. Ta ce ai ba a sa sunan kowa, doka ce, an ɓoye su duka. Tasalla a ciki "mai ba da bayani ta bakwai" ce.

Abin da na koya da furfurata shi ne, mai shiga tsakani ladansa yana cikin shirunsa, ranar da ya nemi a san shi ranar ya sauka daga aiki. Na karɓi wannan. Amma dai ita ta bakwai ce. Ni ko ta ɗari ban samu ba.