Fankar da Ta Ƙi Tashi a Hanyar Milezi

"Afe, afe, lafiya lau! Ban da wannan ragon da ya shanya ni a rana," in ji Alhaji Hamani, yana amsa gaisuwar wani mai wucewa, yana nuna jikansa Zubair da sanda.

A bakin titin Gardole suke, mota ta tafasa sai tururi take yi. A bayanta ga huhun goro da alawa na nema wa Zubair auren Na'ima. Iyayenta na jira a unguwar Milezi, sun kuma ce in aka yi la'asar ba a zo ba, akwai wani manemin. Zubair ya tuɓe babbar riga ya cusa kai cikin inji, ransa in ya yi dubu ya ɓaci.

"Tsoho, yi mini shiru. Fanka ce ta ƙi tashi."

"Fuskarka ta gani. Ni ma da fanka ne, ba zan juya maka ba."

"Da kai fanka ne, da tuni 'yan gwangwan sun auna ka."

"Ka duba ruwa, sakarai?"

"Da ruwa."

"Fizibil fa, fis ɗin wuta?"

"Lafiyarsa lau, ya fi haƙoranka."

"Faɗi gaskiya dai, tsoro kake ji. Ka san Na'ima na ganina za ta ce ni take so."

"Ta kai ka ina? Gidan tarihi?"

Zubair ya ja waya daga batir ya ɗosana wa fankar kai tsaye, sai ga ta tana juyawa fuu. Ashe lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta. Ya buɗe akwatin fizibil, ya tarar da gurbi guda wayam.

"Innalillahi! Wa ya cire rele?"

"Mene ne kuma rele?"

"Ɗan baƙin abu mai ƙafafu, shi ke ba fanka wuta. Tsaya! Me kake shafawa a aljihu? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as!"

Tsoho ya gyara zaman hula. "Jiya ka zare makulli ka shige gida, abin nan ya yi ta gurnani shi kaɗai. Abin da ba ya jin makulli ai batir zai shanye. Na bi 'yan abubuwan cikin akwatin nan ɗaya-ɗaya ina cirewa har ya yi shiru. Taimakonka na yi, butulu!"

"Haka aka yi fankar! Inji take sanyayawa, ta tsaya da kanta! Garin neman gira ka tsone mana ido. Wallahi in na rasa yarinyar nan..."

Ya juya wa tsoho baya. Nan Alhaji ya gane wasa ya ƙare. Ya zaro jakar goronsa, ya lalubo relen a tsakanin goro, ya miƙa. Zubair ya fizge, ya hure, ya mayar gurbinsa, ya ta da mota. Suka zuba ido har fanka ta ɗauka da kanta.

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɓara goro ya ba shi babban ɓarin.

"Kalas, shi ke nan, ka ci. Na bar maka Na'imar, da ma ta yi mini tsufa. Sa rigarka ka taka mota, ango. In mun makara, ni zan durƙusa wa iyayenta."