Tsohuwar Ƙarfen Bakin Lungunmu

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka yaye wa fitilar Illiyasu zane ba. Ko na so in manta ba hali, tunda abin yana nan tsaye a bakin lungunmu, in zan je kasuwa sai na wuce ta gabansa, in na dawo ma haka. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Illiyasu ɗan ƙanena ne. Ni na riƙe shi tun rasuwar ubansa, ni na kai shi koyon liƙin ƙarfe, ni na yi masa aure. Da zancen zinariya ya ɓarke, ya yar da kayan aikinsa ya bi samari zuwa Jado, can cikin hamada inda ake haƙar ta. Ya dawo mini da tari da ɗingishi, babu ko ƙwayar da za a yi wa matarsa ɗan kunne. Abokin da suka tafi tare kuwa rami ya rufta da shi, can aka baro shi. Na rantse muddin ina numfashi Illiyasu ba zai sake taka hanyar nan ba. Na sa shi gaba ya buɗe 'yar rumfar aiki kusa da tasha. Amma aikin ba ya zuwa, yau gyaran ƙofa, gobe zaman banza. Sai ya fara ce mini, yana kallon ƙasa: “Gwaggo, in abin nan bai tashi ba, ni fa komawa zan yi.”

Ana cikin haka mutanen meri, wato hukumar gari, suka ce suna son fitilu masu aiki da hasken rana a lungunan tsohon gari, saboda kuran ɗinmu, wato lantarki, ya fi ɗan akuya yawo. Sharaɗinsu shi ne a ƙera su nan Agadas, da tsofaffin ƙarafan da ke zube ko'ina. Kowane mai sana'a ya kafa guda a unguwarsu. In mutanen unguwa sun karɓa, a ba shi aikin wasu lungunan. In sun ƙi, ya tumɓuke abinsa.

Illiyasu ya zo ya durƙusa. “Gwaggo, ki zo ranar. In kika ce ta yi, an gama. Wa ke musa miki a unguwar nan?”

Wannan kuma gaskiya ce, ba yabon kai ba. Ni ban yi lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma daga dakalin ƙofar gidana babu abin da ke wuce mini. Na san wadda ke watsa ruwan wanki a hanya. Na san ɗan wa ke shan taba bayan garu. Na san akuyar da ta ci tabarmar masallaci, na san mai ita. In na yi gyaran murya, matan aure na gyara mayafi. (Wasu na cewa na cika faɗa. Waɗannan su ne marasa gaskiya.)

Na ce ya nuna mini fitilar tukuna. Ya ce ba ta ƙare ba. Na tafi rumfar da kaina ba sallama, na tarar da tulin tarkace: tsohon tono irin na zuba mai, ƙarafan ƙarƙashin motocin da hanyar Jado ta kashe, sarƙar moto, murfin tukunya. Yana hango ni ya yi wuf ya rufe wani dogon abu da buhu. Na ɗauka kunyar aikin da bai gamu ba ce. Har na ji daɗi, na ce yaro ya san girman idona.

Ranar na ɗaura zanena na zuwa biki. Ni da kaina na bi gida gida na fito da mata, na ce duk wadda ba ta zo ba kar ta sake aiko mini aron turmi. Lungu ya cika. Ga mai unguwa bisa kujera, ga liman, ga wata madam daga meri da tabarau da salula a hannu. Ga Hadiza mai fanke, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda bakinta ba ya da ƙofa. Fitilar na tsaye a kusurwa, an lulluɓe ta da zannuwa, ta fi mutum tsawo.

Ni abin da na sa a rai sanda ce miƙaƙƙiya mai kwan fitila a kai, irin ta bakin gudron, babban titin kwalta. Abu mai mutunci.

Illiyasu ya ja zane.

Jama'a, wata tsohuwa ce ta ƙarfe. An yanka tono an yi mata zane har ƙasa. Wuyanta ya miƙo gaba kamar na kaza mai leƙen rumbu. Hannu guda ta dafe ƙugu, gwiwar hannun ta yi waje. Ɗayan ta miƙe shi cikin lungu, da ɗan yatsa guda tsaye, fitilar na reto ƙarƙashinsa. A kai an naɗa mata kallabin kwano, bisa kallabin an ɗora farantin shan rana. Ba ido, ba hanci, ba baki, fuskar sumul take. Amma wallahi duk da haka harara take yi. Ban taɓa ganin abin da ba shi da fuska yana ɗaure fuska ba sai ranar.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kowa ya firgita ne kamar yadda na firgita.

Illiyasu ya fara bayani. Wai batirin na cikin zanen, yara ba za su taɓa ba, rana ba za ta dafa shi ba. Wai wuyan ya miƙo ne don farantin ya fuskanci rana. Wai hannun da ya miƙe yana kai haske bayan kwana, inda tsofaffi ke tuntuɓe in za su masallaci. Wai zoben da hannun ƙugu ya yi, ana iya ɗaure jaki a ciki ko a rataya salka. Madam na gyaɗa kai.

Ni kam jinina ya riga ya hau. Na yi ta yawo gida gida, na tara mutane, don a zo a ga wannan? Na kutsa tsakiyar fili.

“Illiyasu! Fitila aka ce ka yi ko dodon tsorata yara?”

“Gwaggo, ki bari in…”

“Rufe mini baki! Wace mummunar tsohuwa ce wannan? A ina ka samo ta? Dubi wuya! Dubi yadda ta riƙe ƙugu kamar lungun gadon ubanta ne! Wa take nuna wa yatsa? Mu? Mutum ya fito gidansa da safe bai karya ba, wannan masifaffiyar ce zai fara gani?”

Wani ya yi tari a baya. Wata ta cusa mayafi a baki. Na ɗauka goyon bayana suke, sai na ƙara wuta. Na matsa dab da abin don kowa ya ga abin da nake nufi.

“Irin wannan matar, ko a mafarki ka gan ta sai ka yi sadaka. Da gani ba ta barin maƙwabta su sha ruwa. Da gani mijinta bai yi tsawon rai ba!”

(Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, bai yi tsawon rai ba. Amma ciwon ciki ne.)

Nan Hadiza ta zube ƙasa. Zaman dirshan ta yi cikin rairayi tana bugun cinya, hawaye na zuba. Daga ita sai lungu ya fashe gaba ɗaya. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Liman ya juya yana duban garu kamar an rubuta wani abu a jiki.

“Me ake wa dariya?” na daka tsawa. “Hadiza, ke da girmanki?”

“Kar ki motsa,” in ji ta, da ƙyar take numfashi. “Don girman Allah tsaya yadda kike. Madam, ɗauke su! Ɗauke su su biyu!”

Madam ta riga ta ɗaga salula. Ta matso da ladabinta, tana cije leɓe, ta juyo mini gilashin. “Inna, ki duba.”

Na duba. Tsofaffi biyu ne a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Kowacce ta miƙo wuya. Kowacce ta dafe ƙugu da hannun hagu. Kowacce ta ɗaga yatsa. Bambancin kawai, guda na da fitila, guda kuma bakinta a buɗe har ana ganin wawulo.

Na dubi hannuna. Yana bisa ƙugu. Ban san lokacin da ya hau ba. Na sauke shi a hankali, na rasa inda zan kai shi, na ɓoye shi cikin mayafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

“Ashe duk kun sani,” na ce.

“Tun da aka ja zane,” in ji Hadiza. “Jikata ma da ke goye ta gane ki. Ke kaɗai ce baƙuwa.”

“Kuma kika bar ni ina ta zuba?”

“Yo wa ya isa ya tare ki? Tun muna 'yan mata nake jiran ranar da za ki zagi wadda ta dace.”

Aka sake kwashewa. Na juya kan Illiyasu, niyyata in ci mutuncinsa yadda jikokinsa za su ba da labari. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Ya yi zuru-zuru, zannuwan na hannunsa.

“Gwaggo, wallahi ba reni ba ne,” ya ce. “An ce kowa ya yi abin da ya yi kama da unguwarsu. Na yi ta tunani, me ke tsaron lungun nan? Ban ga kowa ba sai ke.”

“Shi ne ka yi ni da tono?”

“Tonon mai kauri ne, Gwaggo. Ba ya tsatsa da wuri.”

Ku ji fa. Wai lallashi ke nan.

Mai unguwa ya gyara murya, ya share ido. Ya tambayi liman ko akwai abin cewa. Liman ya ce tun ana ƙira Illiyasu ya zo ya tambaye shi, shi ya ce kar a yi mata fuska, kuma ba a yi ba, don haka shi ba ya da magana. (Har liman! Ina gaishe shi kullum, yana amsawa kamar ba komai.) Sai mai unguwa ya juyo gare ni.

“To, Hajiya, maganar ta dawo gare ki. Siffarki ce. In kin ce a cire, yanzu a cire, ba wanda zai ga laifinki.”

Madam ta ce haka ne, in unguwa ba ta karɓa ba, su ba ruwansu, sai su duba na wani.

Kalma guda ta rage in faɗa, kuma tana bisa harshena. Na hango kaina ina wucewa ta gaban wannan abin har ƙarshen raina, yara na nuna mu. Na hango 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hotonta. Sai na ga Illiyasu ya sunkuya ya jawo jakar kayan aikinsa, ya fara laluben abin kwance ƙusa. Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa ma da na ji sauƙi. Ya ɗingisa zuwa gindin abin ya durƙusa, na kuwa san in ya kwance ƙusoshin nan, motar Jado ce gabansa.

“Kai! Wa ya ce ka taɓa?”

Ya ɗago.

“Na ce a cire ne? Tashi daga nan, shashasha.” Na juya ga mai unguwa, kunnuwana na huci. “A bar ta. Ta yi. Madam, ki faɗa wa manyanku unguwa ta karɓa, duk wanda bai karɓa ba ya zo ya same ni.”

Mata suka rangaɗa guɗa. Na ce su yi mini shiru, ba biki ake ba.

“Amma ka ji nan,” na ce wa Illiyasu. “Kallabin nan ka gyara shi. Tun da nake ban taɓa ɗaurin hagu ba, ɗaurin 'yan tasha ke nan. In za ka tozarta ni, ka tozarta ni daidai.”

“To, Gwaggo.”

“Kuma kar in ga an ɗaura mini jaki a ƙugu.”

Hadiza ta sake zubewa.

Ya samu aikin. Yanzu yana da masu taya shi, tarin ma ya yi sauƙi, zancen Jado ya mutu. Sauran lungunan ya yi musu raƙumi da tulu da dabino, abubuwan da ba su da dangin da za su ji kunya. Ni kaɗai aka yi wa mutum. Masu kabu-kabu sun mayar da wurin tasha, sai ka ji ana cewa “sauke ni wajen Gwaggo”, in ka tambaya wacce, a ce ta ƙarfen. Jakin kuwa ana ɗaurawa. Na kama mutum biyu, na uku ya tsere.

Na yi wata ban ci abincin gidan Illiyasu ba, don ya san ban huce ba. Har yanzu ban huce duka ba. Amma na koyi abu guda, kuma ina faɗa wa duk tsohuwar da ke da mai sana'ar hannu a gida. Duk shekarun da na yi ina tsayar da yaron nan ina wanke shi tas, yana tsaye shiru yana kallona tun daga kai har ƙafa, ni ina cewa ladabi ne, na iya tarbiyya. Ashe awo yake ɗauka.