Tarwadar da Ke Cikin Kwamfuta

Ranar da muka zuba 'ya'yan tarwada ɗari biyar a kududdufin Kawu a Bomo, ji nake babu wanda ya kai ni sanin kifi. Na gama karatun noma a Samaru, na kuma tsara jadawali a kwamfuta: ga abincin kowane mako, ga nauyin da za su kai.

Kawu ya ce, "Ɗana, mu fa duk sati biyu muke ware manya daga ƙanana."

Na ce, "Kawu, wannan aikin da ne. Lissafina ya nuna tare za su girma."

Duk wadda na kamo na auna, ta zarce jadawalin. Har na kira Gwaggo, mai gasa kifi a Sabon Gari, na ce ta taho da manyan robobi shida.

Ranar kwasar kifin, aka zubar da ruwan kududdufin. Ko arba'in ba su cika ba, kowacce kamar damtsena. Ashe manyan sun cinye ƙananan tas.

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Sauran suna cikin kwamfutar ne? Buɗe mu kwashe."

Har yau in na ratsa kasuwa rataye da jakar kwamfutar, sai ta ɗaga murya: "Malam, bi a hankali, kar kifin su zube!"