Rasuwar Ɗan Ja, babur ɗin Malam Mudassir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Malam Mudassir na Dugabau, malamin Islamiyya a Gwarzo, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, Ɗan Ja, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a bakin wani kwalbati. Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya yana hidima.

Marigayin mai haƙuri ne, ba mai cin mai ba. Bugu ɗaya yake tashi, da 'yar muryarsa, tif-tif-tif, kamar mai gyaran murya kafin karatu. Ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki akuya tana kuka. Shi ya ratsa taɓo da Hanatu, matar Malam, ranar da naƙuda ta kama ta ana ruwa, motoci duk sun ƙi shigowa gari.

Ciwon ajalinsa ya fara ne daga ƙafar baya, lokacin da ya faɗa wani rami wilin ya lanƙwashe. Malam ya yi niyyar kai shi Kano. Hanatu ta ce ga yayanta Sajo yana kanikanci a Kabo, in aka tsallake shi me dangi za su ce? Aka kai marar lafiya wurin Sajo.

Sajo ya samo sabon wili mai ƙyalli. Sai dai faifan birkin Ɗan Ja huda huɗu gare shi, sabon wilin kuwa biyar. Malam ya ƙirga da yatsa har sau biyu.

Ya ce, "Sajo, hudojin nan fa ba su hau juna ba."

Sajo ya ce, "Malam, kai karatu ka sani. Ƙarfe lallashinsa ake yi."

Ya kai faifan wurin mai walda aka ƙara masa huda, ya ɗaure noti uku, ya ce sauran ado ne. Tun daga ranar muryar marigayin ta canza. Duk juyin taya sai ya ce ƙii, ƙii, kamar mai nishi. Sau biyu Malam yana mayar da shi, sau biyu ana ce masa sabunta ce, zai zauna. Kwana tara ya yi yana jinya, bai fasa kai Malam makaranta ba.

Ranar Laraba, a wata gangara kafin Gwarzo, shanu suka tsallako titi. Malam ya taka birki. Notunan suka tsinke, faifan ya karkace ya cije, taya ta ƙame. Malam ya faɗa gonar wake. Ɗan Ja ya wuce shi kaɗai ya daki kwalbati, inji ya tsage, baƙin mai ya malala. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce, ƙas.

Ya rasu ya bar Malam da ɗori a hannun dama, da makulli biyu, da madubi ɗaya, da hular kwano da ba a taɓa sawa ba, da ɗalibai arba'in da biyu waɗanda yanzu sai rana ta take suke ganin malaminsu. Ya kuma bar sabon wilin, ko ƙwarzane babu.

Sajo ya zo gaisuwa. Ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai iya tsarewa. Da zai tafi ya tambaya ko a ba shi wilin, akwai wani mai huda biyar da ke nema. Malam ya daɗe yana kallonsa. Hanatu tana bayan labule, saboda haka ya ce a gai da gida.

Ranar Asabar bayan la'asar 'yan gwangwan za su zo su ɗauki gawar, a ɗora ta a sikeli a ƙofar gida. Za a yi zaman makoki na kwana uku a gindin darbejiya. Ana karɓar gaisuwa, ba a karɓar shawarar bakanike. Masu zuwa a kan babur ana roƙonsu su kashe inji tun daga bakin masallaci su ƙaraso da ƙafa, don har yanzu in Malam ya ji ƙarar babur sai ya ɗaga kai.