Wayar Da Mai Gari Ya Jona

A wani gari da ake kira Dabaibayi, inda ake rangaɗa wa sabon abu guɗa tun ba a san amfaninsa ba, Mai Gari Alhaji Tsayayye ya sayo wa Kasuwar Sai-Gobe na'urar karanta kati. Aka yi shela cewa daga ranar babu mai shiga rumfarsa sai ya kara katinsa a jikin na'urar ta yi ƙara, allon kwamfuta ya nuna sunansa da lambar rumfarsa. Wanda kuwa ya kwana arba'in bai shiga ba, rumfarsa ta zama ta Majalisa.

Na'urar sabuwa ce dal, kwamfutar kuwa tsohuwa ce tukuf, saboda haka sai da aka sa musu adafta, wato mahaɗar waya, a tsakani. Ranar buɗewa Mai Gari ya jona wayar da hannunsa mai albarka, maroƙa suka yi ta wasa shi har muryarsu ta dishe. Aka kara katin farko, na'ura ta yi shiru. Aka kara na ɗari, ko tari ba ta yi ba.

Aka kirawo Lawandi Mai-Gyara. Shi wannan aiki ba na kwangila ba ne a wurinsa, domin matarsa Ladidi tana cikin masu tsayuwa a waje. Rumfar kayan miyarta gadon uwarta ce, kuma ita ke riƙe da tukunyar gidan duk ranar da babu rediyon da ya lalace a garin.

Lawandi ya duba wuta, akwai wuta. Ya duba kafar da aka soka adafta, daidai take. Ya rage wa kwamfuta saurin magana, ya ƙara mata, duk a banza. Da ya leƙa bakin wayar sai ya yi salati, ya nufi zauren Majalisar Amin-Amin.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "a cikin wayar nan akwai silin magana, akwai silin sauraro. To an haɗa magana da magana. Na'ura tana surutu, kwamfuta tana surutu, babu mai jin wani."

"To ina matsalar?" in ji Shugaban Majalisa. "Mu ma shekara ashirin haka muke zamanmu."

"A bar ni in zare in juya, minti ɗaya an gama."

"Wa ya jona ta?" in ji Shugaban.

Kowa a zauren ya san hannun da ya jona ta. A Dabaibayi, abin da hannun Mai Gari ya ɗora ba a ɗaga shi. Akwai famfon da ya murɗa baibai ranar buɗe shi, shekara tara ke nan mata suna gaishe shi su wuce rafi.

Nan take Majalisa ta kafa Kwamitin Binciken Laifin Katuna. Bayan mako biyu da raguna shida, kwamiti ya gano cewa na'urar ƙalau take, mutane ne ba su da tarbiyya. Aka ce kowa ya wanke katinsa ya shafa masa turare. Da abin ya ƙi, aka ce a riƙa yi wa na'urar sallama. Da ta ƙi amsawa, aka ce a tuɓe takalmi a durƙusa, aka kuma naɗa Sarkin Durƙuso ya riƙa auna gwiwoyi. Lawandi yana kallo dattawa masu furfura suna rarrafe gaban akwatin roba suna ce masa "Allah ya huci zuciyarka," takaici kamar ya kashe shi.

Ran kwana talatin da tara Ladidi ta dawo gida da gwiwa a kumbure.

"Baban Asabe, gobe fa rumfar Inna za ta tafi. Kai ne ka san ciwon, kuma kai ne ka naɗe hannu."

Maganar ta soke shi. Yana zaune yana jujjuya ta a ransa sai dabara ta faɗo masa: waya ai baki biyu gare ta, kuma Mai Gari ɗaya kaɗai ya taɓa. Ya ɗauko wata 'yar mahaɗa ya sarƙe silinta yadda magana za ta haɗu da sauraro, ya je ya nemi izinin kakkaɓe yanar gizo-gizo a bayan kwamfuta. Sakatarori uku suka sa masa hannu. Washegari da hantsi, a gaban kowa, ya sunkuya da tsintsiya ya maƙala mahaɗar a bakin da hannu mai albarka bai kai ba.

"Kara katinki," ya ce wa Ladidi.

Ta kara. Na'ura ta yi ƙit! Kasuwa ta ɗauki kabbara, wani mahauci har da kuka. Sai allo ya kawo rubutu: rumfa ta sha bakwai, wato ta Ladidi, mai ita Hajiya uwargidan Shugaban Majalisa. Kwanan watan da aka mallaka mata kuwa wata uku ne kafin a sayo na'urar.

Mai tsire ya kara nasa, allo ya nuna surukin Mai Gari. Mai atamfa ya kara, ya ga sunan jikan Sarkin Durƙuso, jaririn da ko yaye shi ba a yi ba. Layi ya yi ta matsowa, na'ura tana ta ƙit-ƙit cikin ladabi, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Lawandi ya tsaya da tsintsiya a hannu yana jiran mutane su juya su nufi zauren Majalisa. Sun juya ɗin, amma shi suka fuskanta. Mahaucin nan ya share hawayensa ya ce, "Wa ya aike ka? Da ka bari, da yanzu muna durƙusonmu lafiya."

Lawandi ya dubi matarsa, ko ita za ta tare masa. Ladidi ta daɗe tana kallon allon, sannan ta kamo hannun rigarsa.

"Baban Asabe, don girman Allah mayar da ita yadda take. Ɗazu da tana lalace, ai ina da rumfa."